Faifai: Sunan da Ya Bar Gidansa

Idan aka ce “faifai” a gaban yaron Katsina na yau, abin da zai faɗo masa a rai shi ne faifan bidiyon da aka turo masa a WhatsApp. Mu da muka ɗan girme shi, mun san faifan CD na masu haya a bakin titi. Iyayenmu kuwa sun san faifan garmaho, wanda ya shigar da muryar Mamman Shata cikin zaurukan garin nan. Duk aron suna aka yi. Mai sunan na asali yana nan rataye a bangon madafa, ko a kife bisa ƙwaryar nono.

Faifai ɗan goriba ne. Ganyen goriba, musamman na ƙananan da ba su yi tsawo ba, shi ake kira kaba. Akan yanko ta a shanya, a tsattsage ta siri-siri, a rina wadda za a rina. A da karan dafi ke ba da ja, daga baya galura ta zo da kore da shuɗi da ruwan hoda. Mai saƙa za ta haɗa 'yan tsinkayen ciyawa ko ƙarar kabar su zama kamar igiya, ta murɗa cibiya, sannan ta riƙa naɗe su da kaba tana huda layin baya da basilla tana ɗinkewa. Haka za ta yi ta zagayawa, daga tsakiya zuwa baki. Zanen ba a rubuce yake ba, a kanta yake: ta san inda ja zai tsaya baƙi ya karɓa, kuma dole ta ƙara ɗinki a kowane zagaye don da'irar tana faɗi. In ta ɓata lissafi a layi na biyar, sai a na goma aibin zai fito. (Abin mamaki, na'urar CD ma daga tsakiya take fara karanta faifanta, ta nufi baki.)

Ba a banza aikin ya yi ƙarfi a wannan yanki ba. Goriba tana son ƙasa mai rairayi da ruwa kusa, irin ta arewacin Katsina da Daura har cikin jihar Maraɗi. Can ma akwai wani kwari da ya ci sunanta, Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi. Ta wannan shiyya Heinrich Barth ya biyo a farkon 1851, daga Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina, tun kafin a shata iyakar da ta raba masu yankan kaba da masu sayenta zuwa ƙasa biyu.

A cikin gida, faifai ba ya hutawa. Da shi ake bakace bayan an yi surfe, da shi ake rufe tuwon maigida, a kansa ake tsince shinkafa. Kuma yana da dangi: adudu na ajiyar tufafi, da malafa, da lefe. Wannan na ƙarshen ya fi kowa ba mu tausayi, domin shi ma sunansa ya guje shi. Lefe asalinsa kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya a ciki. Kwalla ta zo ta ture shi, fantimoti ya biyo baya, yau ga saitin akwatuna. Har yanzu muna cewa “an kawo lefe”, alhali babu ko tsinken kaba a wurin. Faifan ma haka ya soma ja da baya, tun da kwanukan langa masu zuwa da murfinsu suka maye ƙore a jeren amare, kafin roba ta ƙarasa aikin.

A tsallaken teku labarin ya bi wata hanya. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa gonakin shinkafa na Karolina ta Kudu, a Amurka, sun tafi da irin wannan saƙa ta murɗe, kuma faifan bakace suka fi yi. Babu goriba a can, sai suka koma ga ciyawar fadama, jikokinsu suka ƙara da dogayen ganyen bishiyar fain masu kama da allura, suna ɗinkewa da ganyen wani gajeren dabinon daji. Mutanen Gullah na yin ta har yau a kusa da birnin Calastan, kuma a 2006 jihar ta ayyana ta a matsayin sana'ar hannunta ta hukuma.

A wurinmu dai ba mu ɗauke ta da wannan daraja ba, kuma muna ganin dalilin a fili yake. Aikin mata ne na cikin gida, ana yi tsakanin girki da reno, a ba yarinya ta kai talla. Marina da majema da maƙera suna da unguwanni da sarautu, sunayensu sun shiga tarihi. Masaƙiyar faifai ba ta da ko ɗaya. Sai ta shafe kwanaki a kan guda, mu kuma mu tsaya muna taya shi kamar kuɗin roba.

Wanda ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga da hantsi zai iya cin karo da masu tallar nono, kowace ƙwarya da faifanta a kai. Su ba su sauya ba, domin kaba tana barin iska ta ratsa, ƙuda kuwa ba ya samun hanya.