Kiwon lafiyar yara a makaranta da asibitin tafi-da-gidanka: Yadda tsarin yake a Najeriya

Kiwon lafiya a makaranta da asibitin tafi-da-gidanka hanyoyi ne biyu da hukumomi ke bi domin kai magani da riga-kafi inda yaro yake, maimakon a jira sai ciwo ya kwantar da shi an kwashe shi zuwa asibiti. Ta farko tana dogara ne da aji da malami da rajistar ɗalibai. Ta biyu kuwa ayarin ma'aikatan lafiya ne da ke bin gida-gida, ko su yada zango a ƙofar gidan mai unguwa, ko kasuwar ƙauye, ko ruga, ko sansanin 'yan gudun hijira.

A Najeriya hanya ɗaya ba ta wadatarwa. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Duk shirin da ya tsaya a harabar makaranta, to ya bar waɗannan a baya, tare da ƙannensu da ba su isa shiga aji ba.

Asalin tsarin

A shekarar 1902 birnin New York na Amurka ya ɗauki ma'aikaciyar jinya ta farko domin aiki a makarantun gwamnati, a 1907 kuma Ingila ta yi dokar da ta wajabta wa hukumomin ilimi duba lafiyar ɗalibai. Tsarin da ƙasashe masu tasowa ke bi a yau ya samo tushe ne daga babban taron ilimi na duniya da aka yi a Dakar a watan Afrilun 2000, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNESCO da Bankin Duniya suka amince a kan ginshiƙai huɗu: manufar lafiya a rubuce, ruwa mai tsabta da makewayi, koyar da tsafta a aikace, da kuma ba da magani da abinci a cikin makaranta.

Aikin tafi-da-gidanka ma ba baƙo ba ne a Arewa. Tun shekarun 1930 ayarin ma'aikata ke zagaya ƙauyuka suna binciken ciwon barci, kuma wannan aiki ne ya kai ga gina sabon garin Takalafiya a Anchau ta ƙasar Zazzau. Dattawa da dama har yanzu suna ɗauke da tabon lamba a damtse, shaidar zagayen da aka yi a ƙarshen shekarun 1960 wanda ya kawo ƙarshen cutar agana.

Abin da manufar ƙasa ta tanada

A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da Manufar Kiwon Lafiya a Makarantu. Ta raba aikin gida biyar: tsaftataccen muhalli, ciyar da ɗalibai, koyar da ilimin lafiya, kula da lafiyar ɗalibai kai tsaye, da danganta makaranta da gida da unguwa. A ƙarƙashin kashi na huɗu ana son a duba yaro kafin a ɗauke shi, a buɗe masa katin lafiya, a riƙa sake duba shi lokaci-lokaci, makaranta kuma ta mallaki ɗakin jinya ko aƙalla akwatin taimakon gaggawa, da sananniyar hanyar tura marar lafiya asibiti.

Binciken da likitocin yara suka yi a jihohi daban-daban ya nuna cewa aiwatarwa ta yi nisa da abin da ke rubuce. Makarantu da yawa, na gwamnati da na kuɗi, ba su da ma'aikacin lafiya, malamai da dama kuma ba su taɓa jin labarin manufar ba. Amfanin duba na farko ba ƙarami ba ne. Yaron da ba ya ganin allo sosai ko ba ya jin malami yakan sha bulala a matsayin daƙiƙi, alhali tabarau ko maganin kunne ne buƙatarsa. Mai sikila ko asma ko farfaɗiya kuma yana bukatar malamin da ya san halin da yake ciki tun kafin ciwon ya tashi a tsakiyar darasi.

Tsutsar ciki da tsargiya

Aikin da ya fi kafuwa a makarantu shi ne rabon maganin tsutsar ciki. Tsutsotsin suna shiga jiki ta gurɓataccen abinci da ƙazamin hannu da tafiya ba takalmi, su haddasa ƙarancin jini da kasala da rashin girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba yara ƙwaya ɗaya ta albendazole mai nauyin miligiram 400 ko mebendazole mai 500, sau ɗaya a shekara inda kashi 20 cikin 100 na yara ke ɗauke da tsutsar, sau biyu kuma inda adadin ya haura kashi 50. Ba a buƙatar gwada kowane yaro, domin kuɗin gwajin ya fi na maganin, kuma malamin da aka horar zai iya rabawa. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya aka wallafa a 2004 ya gano cewa rabon ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake masana sun yi ta muhawara a kan girman amfanin daga baya.

Tsargiya, wato fitsarin jini, tana kama yaran da ke wanka ko kamun kifi a kududdufi da madatsun ruwa da magudanan noman rani, inda ƙananan dodon koɗi ke rainon ƙwayar cutar. Najeriya na cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya. A wasu garuruwa ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar namiji, alhali cuta ce da kan lalata mafitsara da ƙoda idan ta daɗe. Maganinta praziquantel ne, kuma ana tsayar da yaro jikin sandar awon tsayi domin a san ƙwaya nawa zai sha. Sharaɗin shi ne ya ci abinci tukuna. Wanda ya sha da yunwa yakan yi jiri ko amai ko murɗawar ciki, abin da kan wuce cikin sa'o'i, amma ya isa ya tayar da jita-jita a unguwa.

Riga-kafi da ciyarwa

A ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da allurar riga-kafin cutar HPV cikin jerin alluranta, domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ƙwayar cutar ita ce ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, wadda a 2020 ta kama mata kimanin 12,000 a ƙasar nan, ta kashe kimanin 8,000. Allura ɗaya ake yi, kyauta. An fara da wasu jihohi da Abuja, sauran suka biyo baya a watan Mayun 2024, kuma an yi amfani da makarantu da ayarin tafi-da-gidanka a lokaci guda domin a samu 'yan matan da ba sa zuwa aji.

Makarantar kwana tana da nata haɗarin, domin cunkoson ɗakin kwana na saurin yaɗa sanƙarau a lokacin zafi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ita ma ta fi kama yara, akasarinsu waɗanda ba su kammala alluran jarirantaka ba.

Shirin ciyar da ɗaliban aji ɗaya zuwa uku na firamare ya fara a 2016, a kan Naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mayar da shi Naira 100. A watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a domin bincike.

Maganin zazzaɓin damina

Ɗaya daga cikin manyan ayyukan bin gida-gida a Arewa shi ne rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Najeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, kuma a yankin Sahel mafi yawan kamuwar tana faruwa ne cikin 'yan watannin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, aka fara shi a Jihar Katsina a 2013, shekarar da Jamhuriyar Nijar ita ma ta soma.

Ana ba yara masu wata 3 zuwa 59 haɗin magunguna biyu, sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine, sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba, wasu jihohin kuma har zagaye biyar. Kowane zagaye kwana uku ne. Ranar farko ma'aikaci ne ke ba yaro a gabansa, sauran kwana biyun kuma ya bar wa uwa ƙwayoyin. Gwaje-gwaje sun nuna cewa yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100, amma sai an cika kwanakin uku. Ba a ba yaron da ke cikin zazzaɓi sai an gwada jininsa, haka nan mai shan Septrin, da wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan magunguna.

Makon lafiyar uwa da yaro

Sau biyu a shekara jihohi kan gudanar da makon lafiyar mata da jarirai da ƙananan yara. Ana ɗiga wa 'yan wata 6 zuwa 59 sinadarin bitamin A, shuɗiyar ƙwaya ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ja ga waɗanda suka haura. Yana kare ido daga dundumi, yana kuma rage tsananin ƙyanda da gudawa. Ana auna damtsen yaro da zare mai launi uku. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani kuma sai a tura shi cibiyar da ake ba da abinci na musamman mai gyaɗa da madara.

Ga ƙauyukan da ke nesa da asibiti akwai ayarin da ke zuwa a kan babur ko kwalekwale ko a ƙafa, ɗauke da allurai, da ruwan gishiri da sukari, da kayan gwajin zazzaɓi. Babban ƙalubalensu sanyi ne, domin yawancin allurai sai an riƙe su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. A jikin kwalbar akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. Idan murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya lalata allurar, kuma zubar da ita ake yi. Najeriya na da jarirai fiye da miliyan biyu da ba su taɓa samun allurar farko ba, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, kuma irin waɗannan ayari ne kaɗai ke isa ga da yawa daga cikinsu.

Batun amana

Shakkun iyaye yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 suka rasu daga cikin waɗanda aka sa a gwajin, shari'ar kuma ta ƙare da sulhun Dala miliyan 75 a 2009. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da riga-kafin shan inna bisa zargin gurɓata shi, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Abin da ya gyara lamarin shi ne shigar da sarakuna da malamai da matan unguwa cikin aikin, da kuma haɗa ɗigon da maganin cututtukan da iyaye ke gani da idonsu. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Borno a 2016, a ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Har yanzu ana ci gaba da ɗigon saboda wani nau'i da ke yaɗuwa inda riga-kafi ya yi ƙaranci.

Inda giɓin yake

Makarantun firamare na ƙarƙashin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, asibitocin sha-ka-tafi kuma na ƙarƙashin hukumomin lafiya a matakin farko, don haka lafiyar ɗalibi takan faɗa tsakanin ma'aikatu biyu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma rabon magunguna da yawa har yanzu ya dogara ne da tallafin ƙetare. Almajiri shi ne ya fi shan wahala, domin ya wuce shekarun shirin bin gida-gida, ba ya kuma cikin rajistar makarantar boko, ga ƙazuwa da makero suna yawo a tsangaya. Hukumar kula da ilimin almajirai da aka kafa da doka a 2023 ƙofa ce da za a iya bi a kai masa wannan hidima.

Abin da ya rage ga iyaye

Kafin a biya kuɗin zango, yana da kyau uba ko uwa su tambayi wanda ke kula da ɗalibi idan ya faɗi ciwo, da asibitin da ake kai shi, su kuma leƙa makewayi da wurin wanke hannu. A sanar da makaranta a rubuce duk wani ciwo da yaro ke fama da shi. A adana katin riga-kafi kamar yadda ake adana takardar haihuwa. Ranar rabon magani a tabbatar yaro ya karya kumallo. Idan ayari ya zo ƙofar gida, mai gida na da haƙƙin ganin katin shaidarsu da jin sunan maganin da amfaninsa, kuma ba a biyan ko kwabo a kan alluran riga-kafi da magungunan waɗannan zagaye.