Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Darasin Tiga Ga Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Duk wanda ya san tarihin noman rani a kudancin Kano, muhawarar da ake yi yau kan manya da ƙananan manhajojin harshe na ƙirƙirarriyar basira ba za ta zame masa baƙuwa ba. Manhajojin nan su ne ake koya wa harshe da ɗimbin rubutu, har su iya fassara da amsa tambaya.

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ta tare Kogin Kano, wanda ke gangarowa ta Doguwa da Tudun Wada, ta shayar da gonakin Kadawa da Kura. Amma fa babban aiki babbar ɗawainiya gare shi: an tashi ƙauyuka, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kuma wanda gonarsa ke nesa da magudana sai dai kallo. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin fadama, suka maye gurbin jigo. Injin ba ya shayar da lardi, amma manomi ke kunna abinsa, shi ke kashewa.

Haka tarihin manhajojin ya gudana. A 2020 kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da GPT-3, mai ma'aunan lissafi biliyan 175, waɗanda da su ake gane girman manhaja. Irin wannan ba ta zama cikin wayar hannu. Tana can cikin manyan rumbunan kwamfuta masu cin wuta da kuɗi, sai ta intanet ake isa gare ta. Sai ga masana a Jami'ar Waterloo ta Kanada, a 2021, sun gina AfriBERTa da rubutun da bai kai gigabayit ɗaya ba, cikin harsunan Afirka 11 har da Hausa. Ma'aunanta miliyan 126 ne kacal, amma wajen rarrabe labarai da gano sunaye cikin rubutu ta yi kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka fi ta girma. A 2024 kuma kamfanin Lelapa AI na Afirka ta Kudu ya fitar da InkubaLM, mai ma'aunai miliyan 400, ita ma da Hausa a ciki.

To, wacce za mu ɗauka? Aikin ne zai faɗa. In dogon nazari ne mai rassa da yawa, ko tambayar da ke bukatar faɗin sani, babbar ta fi, domin ƙaramar takan kasa, ta yi ta kame-kame. In kuwa aiki guda ne da ake maimaitawa kullum, kamar rarraba saƙonnin manoma a Ƙiru ko tantance takardun makaranta a Riruwai, ƙaramar ta wadatar. Ta fi araha, ta fi sauri, tana iya aiki ko intanet ya ɗauke, kuma bayanan ɗalibanmu ba sa ƙetare teku.

Mu malamai da marubuta akwai nauyi a kanmu. Babba ko ƙarama, manhaja da rubutu take koyo, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ba mu rubuta Hausa mai kyau mun adana ba, gurɓatacciya za a koya mata, ita kuma ta koya wa 'ya'yanmu. Allah ya sa mu dace.