Daga Wusasa Zuwa Shika: Yadda Likita Ya Sami Ido

Mazaunin Dogarawa da ciwo ya kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika yana cin gajiyar dogon tarihi. Lokacin da mishan ɗin Dakta Miller ya koma Wusasa a 1929, yawanci likita da tambaya da taɓa jiki yake gano cuta, duk da cewa Röntgen ya gano hoton ƙashi tun 1895. An kafa jami'ar a Samaru a 1962, asibitinta kuma ya tare a Shika a 2005. A tsakanin nan, Paul Lauterbur ya nuna a 1973 cewa maganaɗisu na iya zana cikin jiki, tushen na'urar MRI ke nan. A ganina, kowane ci gaba a wannan tarihi ragin kintace ne.

Kintacen da ya rage shi ne inda magani yake zuwa. Yanzu masu bincike suna ɗora magani a kan ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani. Inda suka taru sai hoton MRI ya yi duhu, a gane ko ƙari suka isa ko hanta ce ta tsare su. Wani zai ce mai fama da zazzaɓin cizon sauro da ɗaukewar lantarki ina ruwansa da wannan. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma maganin ciwon daji da ya ɓata hanya asarar kuɗi ce da lafiya, kuma talaka ne ya fi jin jiki.