gidan horon yara

gidan horon yara (suna, namiji, jam'i: gidajen horon yara). Wurin da hukuma take ajiye yaron da alƙali ya ɗauke daga hannun iyayensa saboda laifi, domin a gyara masa hali, a koya masa karatu da sana'a. Ana kuma cewa gidan kangararru ko gidan gyaran hali.

A Nijar, wanda ya yi suna shi ne na Dakoro, arewa da Maradi, can bakin ƙasar makiyaya. Yaron da aka yanke wa hukunci a Yamai ko Damagaram yana iya tsintar kansa can, nesa da dangi. Dokar ƙasar ba ta ɗora alhakin laifi kan wanda bai kai shekara 13 ba, kuma tun 1999 aka kafa kotunan yara. Sai dai nisan Dakoro ba ƙaramin cikas ba ne: uwar da ke sayar da ƙosai a Yamai, ina ta ga kuɗin mota har Dakoro? Ziyara ta yanke, yaro ya fito ya zama baƙo a gidansu.

Misali: "Alƙali bai kai shi kaso ba, gidan horon yara ya tura shi."

Ya bambanta da riƙo, inda iyaye ke ba dangi ɗa don kansu, da gidan mari na masu zaman kansu, irin wanda 'yan sanda suka kai wa samame a Rigasa, Kaduna, a 2019, suka tarar da mutane cikin sarƙa.