Ƙuri'ar Raba Gardamar 1958 a Nijar da Faɗuwar Jam'iyyar Sawaba

A ranar 28 ga Satumba, 1958, aka gudanar da ƙuri'ar raba gardama a Faransa da mafi yawan ƙasashen da take mulka. Janar Charles de Gaulle, wanda rikicin yaƙin Aljeriya ya dawo da shi kan mulki a wannan shekara, ya gabatar da sabon kundin tsarin mulki, ya kuma bai wa yankunan Afirka zaɓi biyu. Wanda ya ce "I" zai samu mulkin cikin gida a ƙarƙashin gamayyar da Faransa za ta jagoranta, amma tsaro da harkokin waje da kuɗi za su zauna a hannun Faris. Wanda ya ce "A'a" zai samu 'yanci nan take, sai dai ya kwana da sanin cewa Faransa za ta janye hannunta daga gare shi baki ɗaya.

A duk Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, gwamnatoci biyu ne suka nemi jama'arsu su ce "A'a": ta Sekou Toure a Gine da ta Djibo Bakary a Nijar. Gine ta ƙi da kusan kashi 95 cikin ɗari. A Nijar lamarin ya sha bamban.

Djibo Bakary malamin makaranta ne, daga baya ya zama ɗan gwagwarmayar ƙungiyar ƙwadago. Ya zama magajin garin Yamai a 1956, kuma a zaɓen Maris na 1957 jam'iyyarsa ta samu kujeru 41 daga cikin 60 na majalisar yankin, ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko. Sunan da jama'a suka san jam'iyyar da shi, wato Sawaba, kalmar Hausa ce mai nufin sauƙi bayan wuya, kuma ita ce kalmar da magoya bayan NEPU suke ɗagawa a Arewacin Nijeriya. Ƙarfinta na asali yana wurin talakawan birane, direbobi da leburori da ƙananan 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata, musamman a Damagaram da Maraɗi da Tasawa. Amma rinjayen da ta samu a 1957 ba da waɗannan kaɗai ta same shi ba. Ta same shi ne da ƙawance da wasu sarakunan gargajiya, waɗanda su ke riƙe da ƙuri'ar karkara, kuma nan ne rauninta yake.

Faransa tana iya haƙura da Gine, amma Nijar tana da iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi, tana cikin yankin Sahara da Faris take son riƙewa saboda man fetur da ma'adinai, an kuma ga alamun yuraniyom a arewacinta a 1957. Ban da haka akwai fargabar cewa Nijar mai 'yanci za ta karkata zuwa Nijeriya, inda harshe da kasuwa da dangantaka suka riga suka ɗaure ta. Saboda haka ana saura 'yan makonni ƙuri'a aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda bai ɓoye aikin da ya kawo shi ba. Aka ƙara yawan sojoji a ƙasar, aka sa jami'an mulki cikin yaƙin neman zaɓe, aka tunatar da sarakuna cewa gwamnatin Djibo ta tuɓe wasu daga cikinsu kuma sauran ma ba su tsira ba. Manyan abokan ƙawancen Sawaba suka juya mata baya, suka haɗe da jam'iyyar PPN ta Diori Hamani, wanda ɗan'uwan Djibo ne, garinsu ɗaya, Sudure.

Sakamakon da aka bayyana ya ba "I" ƙuri'a 372,383, ya ba "A'a" 102,395, wato kashi 78 da kashi 22 cikin ɗari. Adadin da ya fi waɗannan faɗin gaskiya shi ne na waɗanda suka fito: daga cikin masu rajista sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, kashi 37 cikin ɗari kacal suka jefa ƙuri'a. Kusan biyu bisa uku na jama'a sun zauna a gida. Nisan rumfuna da aikin gona sun taka rawa, amma da wuya a raba wannan shiru da tsoro. Mutumin ƙauye da ya ga soja a kasuwa, ya ji abin da hakiminsa ya umarta, kuma zuciyarsa tana tare da raƙumi, alamar Sawaba, hanya mafi aminci gare shi ita ce kada a gan shi a rumfar zaɓe.

Masu goyon bayan "I" sun ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin jama'a a kan gwamnati, ko da yake tambayar da aka yi ba ta shafi wanda zai yi mulki ba. 'Yan Sawaba kuwa sun ce fashi aka yi musu da rana tsaka. Djibo ya yi murabus a watan Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a ranar 14 ga Disamba. Ƙawancen masu "I" ya kwashe mafi yawan kujeru, kuma 'yan kaɗan da Sawaba ta ci a gabashin ƙasar aka soke su daga baya. A ranar 18 ga Disamba, 1958, aka ayyana Jamhuriyar Nijar, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama ya zama shugaban majalisa. Ita ce ranar da ake bikin Jamhuriya har yau.

A 1959 aka haramta Sawaba, Nijar ta koma ƙasa mai jam'iyya ɗaya tun kafin ta samu 'yanci. Abin da ya fi ci wa 'yan Sawaba rai shi ne cewa 'yancin da aka kore su saboda nemansa, shi ne Faransa ta miƙa wa abokan hamayyarsu a ranar 3 ga Agusta, 1960, ba a cika shekara biyu ba. Djibo ya tafi gudun hijira Mali, daga baya Gana. Wasu magoya bayansa aka tsare su, wasu suka tsallaka iyaka zuwa Kano da sauran garuruwan Arewacin Nijeriya, inda suka samu mafaka wurin 'yan'uwa da 'yan NEPU, wasu matasa kuma aka tura su horon soja a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa.

A ƙarshen 1964 waɗannan matasa suka shigo Nijar rukuni-rukuni ta iyakokin kudu da yamma, suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. A wurare da dama ma mutanen ƙauye ne aka sa suka kama su. Gwamnati ta harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, ta cika gidajen kurkuku da ɗaruruwa. A watan Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin Babbar Salla da nufin kashe Diori, shugaban ya tsira, wani yaro ya rasu. Djibo Bakary bai sake taka ƙasarsa ba sai bayan da Seyni Kountche ya kifar da Diori a Afrilun 1974, kuma a shekarar da ta biyo baya sojojin ma suka tsare shi.