Tarihin Jakar /dev da Yadda Sunayen Na'urori Suka Koma Bin Zahiri

Duk wanda ya taɓa soka filash a kwamfuta mai aiki da Linux, sa'an nan ya leƙa jakar /dev bai tarar da sunansa ba, to ya ci karo da wata mas'ala wadda asalinta ke komawa shekarar 1969, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka aza harsashin Unix a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. Hikimar wannan tsari ita ce, kowace na'ura, faifai ne ko abin buga takardu, a wakilce ta da fayil, domin manhaja ta yi mu'amala da ita kamar yadda take yi da sauran fayiloli. Kowane fayil irin wannan yana ɗauke da lamba biyu, babbar tana nuna direban da ke kula da na'urar, ƙaramar kuwa tana tantance na'urar ita kanta.

A zamanin farko da hannu ake ƙirƙirar fayilolin nan, da umarnin mknod ko MAKEDEV, kuma a kan wannan sunna Linux ya taso tun da Linus Torvalds ya fara shi a 1991. Da yake ba wanda ya san abin da mai kwamfuta zai haɗa gobe, sai aka riƙa tanadar sunaye dubbai tun kafin buƙata, har jakar ta zama tamkar kundin ƙidaya wanda galibin sunayen cikinsa ba su da masu su. Lambobin ma suka soma ƙaranci, domin kowace ba ta wuce ƙima 256 ba, alhali kuwa zuwan USB a 1996 ya sa na'urori suna shiga suna fita ba tare da an kashe kwamfuta ba.

Domin magance wannan, Richard Gooch ya kawo devfs, wanda ya zo cikin Linux 2.4, ya ɗora wa zuciyar tsarin, watau kanel, nauyin raɗa suna. Masana suka yi saɓani a kansa, suna ganin hukuncin suna haƙƙin mai kula da kwamfuta ne, bai kamata a binne shi cikin kanel ba. Saboda haka a 2003 Greg Kroah-Hartman ya fito da udev, wanda ke sauraron sanarwar kanel ya zartar da ƙa'idodin da aka rubuta masa, aka kuma cire devfs a 2006. A 2009 devtmpfs na Kay Sievers ya raba aikin bisa adalci, kanel ya ƙirƙiri fayil, udev ya daidaita izini da laƙabi, kafin a haɗe udev da manhajar systemd a 2012.

Fa'idar wannan doguwar tafiya ita ce, a yau rashin fayil ya zama shaida abar dogaro, domin galibi yana nufin kanel bai gane na'urar ba ko direbanta bai hau ba. Mai basira, maimakon ya gaggauta ƙirƙirar suna da mknod, sai ya duba umarnin dmesg ya ji bayanin kanel tukuna, domin sunan da aka raɗa da hannu ba zai samar da direban da babu shi ba.