Yadda haraji ya kora sana'ar kiristal zuwa Waterford

Abubuwa uku ake gane tsohon kofin kiristal da su: ya fi gilashin gama-gari nauyi, idan aka ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce sai ya yi ƙara mai daɗewa, idan kuma haske ya bugi yanke-yanken jikinsa sai ya tarwatse launi-launi. Duka ukun daga dalma suke.

Wani ɗan kasuwa Bature, George Ravenscroft, shi ya buɗe wannan hanya. A 1674 ya sami izinin sarkin Ingila na yin wani sabon gilashi garai-garai a Landan, don ya yi gogayya da na Benis. Kayansa na farko ba su yi ƙarko ba, ana jimawa kaɗan sai su yi tsage-tsage su dushe. Zuwa 1676 ya magance matsalar da zuba sinadarin dalma cikin haɗin, ya riƙa buga tambarin kan hankaka a jikin kofunansa, shaidar cewa waɗannan ba za su ba da kunya ba.

Dalma ta sa gilashin ya yi taushi, ya karɓi yanka. Mai hura gilashi zai hura kofin da kauri, a zana layuka a jikinsa, sannan mai yanka ya riƙe shi da hannu biyu ya danna shi kan faifan ƙarfe mai juyawa, jiƙaƙƙen yashi na ɗiga a kai. Ta cikin kofin yake leƙen inda faifan ke ci. Daga nan a goge da faifan dutse, a ƙarasa da na katako har ya ɗauki sheƙi. Hannu ya goce sau ɗaya, aikin yini ya tafi.

Sai gwamnati ta shigo. A 1745 majalisar Birtaniya ta ɗora wa gilashi haraji gwargwadon nauyi, ga shi kuwa nauyi ne jarin kiristal. Masu masana'antu a Ingila suka koma yin kofuna sirara. Harajin bai shafi Ailan ba, sai dai an hana ta fitar da gilashi waje. Da aka ɗage hanin a 1780, kuɗi da gwanaye suka tsallaka teku. A 1783 George Penrose da William Penrose suka kafa masana'anta a garin Waterford na Ailan, suka ɗauko John Hill daga Stourbridge tare da ma'aikatansa. Tunda babu mai auna nauyi, suka yi kwalabe da kwanuka masu kauri, suka yanka su da zurfi yadda suke so.

Daɗin bai ɗore ba. Harajin ya iso Ailan a 1825, masana'antar ta yi ta tangal-tangal har ta rufe a 1851. A shekarar nan ce kamfanin Osler na Birmingham ya girke maɓuɓɓugar ruwa ta kiristal mai tsawon ƙafa 27 a babban baje kolin Landan, domin an riga an soke harajin tun 1845.

Wasu ƙasashe ba su zauna ba. Baccarat ta Faransa, wadda aka kafa a 1764, ta soma kiristal a 1816. A Amurka, daga baje kolin Filadelfiya na 1876 har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanoni irin su Libbey da Hawkes da Dorflinger sun cika gidajen attajirai da kayan da ba a bar ko tafin yatsa a jikinsu ba tare da yanka ba. Gilashin da ake zubawa a mazubi, mai kwaikwayon yankan hannu a farashi kaɗan, shi ya ci kasuwarsu.

Waterford ta shafe kusan shekara ɗari babu tanderu. A 1947 Charles Bačik, wanda ya baro ƙasar Cek, ya sake kunna wuta, ya kawo ɗan ƙasarsu Miroslav Havel. Havel ya zauna a gidan tarihi na Dublin yana zana tsoffin kayan Penrose, kuma a 1952 ya fito da zanen Lismore, wanda ya zama mafi shahara a kamfanin. A 2009 bashi ya durƙusar da kamfanin, aka rufe babbar masana'antar Kilbarry, ma'aikata suka yi zaman dirshan na makonni a cikinta. Yanzu ƙaramar masana'anta ce a tsakiyar garin, yawancin kayan da ke ɗauke da sunan Waterford kuwa a wasu ƙasashen Turai ake yin su, musamman Sulobeniya.